Akuyar da Ke Ratsa Bango

A Bosso nake ganin wata ɗaliba, inda ɗalibai ke jiran motar zuwa harabar jami'a ta Gidan Kwano. Tana zaune a kan benci da hijabi ruwan toka, kwamfuta a rufe a cinyarta. Murfin cike yake da ƙananan takardu masu gam, layi uku: "Za a yi", "Ana yi", "An gama". Layin ƙarshe takarda ɗaya ce tal, an rubuta "Akuya".

Ta maƙale waya da kafaɗa.

"Zikrullahi, na gwada wasan. Akuyar nan har yanzu ratsa bango take yi! Ran Asabar fa za mu nuna wa mutane."

Tana saurare, sai dariya ta ƙwace mata.

"A'a, ba aljana ba ce. Gyarawa za ka yi."

Ina jin su uku ne ko huɗu ke haɗa wasan kwamfutar nan tsakanin lacca da lacca. Ofishinsu kenan a cinyarta.

Ta ɓamɓare takardar nan tilo, ta mayar da ita layin "Za a yi". Mota ta iso, kowa ya ruga. Ita tana nan tana danna takardar da babban yatsa, don gam ɗin ya gaji da yawo.