Hannun da Ya Rage a Kalanda

Auta ce ƙarama a sashen talla na kamfanin, a shekaru da a muƙami. Teburinta na bayan ƙofa, duk wanda ya shigo sai ƙofar ta daki kujerarta, kuma ba mai cewa sannu. Aikinta zane a kwamfuta: takardun talla, katin gayyata, allunan bakin titi. Wata biyar tana gwaji, saura ɗaya a ba ta takardar tabbatar da aiki. A gida mahaifiyarta ta riga ta shaida wa maƙwabta an ɗauke ta. Yayanta kuwa kullum sai ya tambaye ta ko yau ma ta yini tana wasa da kala kamar 'yar firamare.

Wanda ya koya mata aikin dattijo ne da ake kira Baba Almakashi, don tun zamanin da ake yanka haruffa a liƙa da gam yake wurin. Shekara ashirin da biyu. Karatunsa ɗaya ne: kafin ki saki aiki, ki faɗaɗa hoton ki bi shi lungu-lungu, kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Wata Alhamis aka sallame shi, wai hannunsa ya yi nauyi a sababbin manhajoji. Ko ruwan sanyi ba a ba shi na ban kwana ba. Ya zuba kofinsa da tabarau a leda ya fita.

To, kafin nan an riga an ɗauki hoton ma'aikata na kalandar sabuwar shekara, kuma Baba na ciki, tsaye a bayan manaja. Shugabar sashe ta zo ta tsaya a kan Auta, ta dangwala farce a fuskar kwamfuta.

"Cire shi. Ki sa tukunyar fure a wurin."

Auta ta cire shi. Da fuskar ta fara, da sauri, don ba ta iya kallonsa yana mata murmushi. Ta goge hula, ta goge riga, ta ari bango daga gefe ta toshe ramin, ta dasa fure. Abin da ba ta yi ba shi ne faɗaɗa hoton. Ba ta son ta ƙara kusantar wurin.

Mutum biyar suka duba suka sa hannu: shugabar sashe, mataimakinta, lauyan kamfani, sakatariya, da manaja kansa, wanda gyaran da ya nema kawai a rage masa tumbi. Aka buga dubu uku. Ranar da aka rataye ta farko, mai shara ce ta tsaya da tsintsiya a hannu, ta tambaya ko furen zamani har hannu yake fitarwa. Ga shi nan kuwa a kafaɗar manaja: yatsu huɗu da zoben azurfa, ba jiki, ba mai shi.

Nan aka bar jaki ana dukan taiki. Ido goma suka kalli hoton nan, kowa na neman fuskarsa, amma da aka zauna taro sai duk suka makance suka kurumce, aka nemo ta bayan ƙofa. Shugabar ta ce sakaci ne, mataimakin ya ce ƙila ma da gangan ne, tunda 'yar gidan tsohon ce. Auta ta ajiye takardar da suka sa wa hannu a kan tebur. Ba wanda ya taɓa ta, sai ka ce garwashi.

Ba a kore ta ba, don in ta tafi wa zai yi aikin? Aka ƙara mata wata shida na gwaji, aka ce ta zana ɗan tauraro mai tambarin kamfani, ta liƙa a kan hannun, kalanda bayan kalanda. Kwana huɗu tana liƙi har yatsunta suka yi kanta. A gida ta faɗi gaskiya. Mahaifiyarta ta ce maƙwabta dai ba sai sun ji ba.

Kalanda guda ɗaya ta ɓoye ba tauraro. Ranar Asabar ta kai wa Baba Almakashi, ta same shi a ƙofar gida yana rubuta wa wani mai aski allo da buroshi. Ya sa tabarau, ya daɗe yana kallo. Ta zaci zai yi fushi, ko ya yi dariya.

"'Yata, hannun ba komai," ya ce. "Dubi ƙasa. Inuwata ma kin bar ta."

Ta duba. Tana nan kuwa a kan tayil, doguwa, da hularta, a gindin tukunyar fure. Har yau ba wanda ya lura da ita a kamfanin.