Ciyawar da na nome a bakin teku

Ni da taubashina, ɗan kawuna, tare muka bar Kore Mairuwa zuwa cin rani a kurmi, muka samu aiki a wani gari na bakin teku. Filayen golf biyu ne a garin, inda manya ke buga wata 'yar farar ƙwallo da sanda har ta faɗa rami. Ni aka ɗauke ni a sabon filin, shi kuma a tsohon.

Nawa fadama ce. Inji ya daidaita ƙasar, famfo na feshi safe da yamma, itatuwan kwakwa sun tare iska. Inda ƙwallo ta sauka, nan take tsayawa. Nasa kuwa jigawa ce irin ta hanyar Sukukutane, tudu da kwari, babu itace ko ɗaya. Ƙasar ta yi tauri, ƙwallo na gudu inda ta ga dama, wani lokaci ta zarce cikin ramin yashi mai zurfin da zai ɓoye jaki. A gefen hanya ga doguwar ciyawa an bar ta haka nan.

Kullum in muna cin tuwo sai gardama ta tashi.

"Saurar nan taka, yaushe za a nome ta?" in ce masa.

"Bahago, kai dai ka san ban ruwa," ya ce. "Filinka wanda ya buga yau ya buga gobe. Nawa kuwa in iska ta juya, sabon fili ne."

Gaskiyarsa ce, gwanaye can suke zuwa. Ni dai a lokacin idon manomi gare ni, ciyawa a tsaye abin kunya ce.

Wata ranar hutuna, ana saura kwana biyu a yi babbar gasa a tsohon filin, na ɗauki hauya da asuba na tafi can, ɓangaren rami na bakwai, wanda taubashina ke kula da shi. Niyyata in nuna masa yadda ake aiki. Na nome doguwar ciyawar nan tas, na ja ƙasa na cike wani ɗan kwari. Na koma gida ina jin daɗi, ba wanda ya gan ni.

Ashe ciyawar ita ce wasan. An bar ta ne don wanda ƙwallonsa ta karkata ya sha wahala, kuma saiwarta ce ke riƙe yashin kada iska ta kwashe. Patoron filin, wato shugaban ma'aikata, ya zo ya gani, ya kori taubashina a ranar. Da ya dawo ɗaki yana ɗaure kaya, na buɗe baki in faɗa, sai na ji kaina ina cewa wataƙila sabon ma'aikaci ne ya yi. Ya dube ni, ya ci gaba da ɗaure kayansa. Ya koma gida, ni na ƙara shekaru a can.

Da na dawo muka ci gaba da gardamarmu ranar kasuwa, a rumfar mai shayi, mutane na dariya ko da yake ba wanda ya taɓa ganin sandar golf. Ina dariya tare da su, abin yana cina. Tsorona in na faɗa, zaman ya ƙare.

Daminar bara gwiwarsa ta hana shi noma, sai na tafi gonarsa na kama masa. Ya dogaro sanda ya zauna ƙarƙashin gawo yana kallona.

"Har yanzu hagu kake zubar da ƙasa," ya ce. "Kamar a rami na bakwai."

Na tsaya da hauya a hannu. Na ce, "Ni ne na nome ta. Ka yafe mini."

"Wa bai sani ba? A garin can duka bahago nawa ne mai hauyar Arewa? Tun da safen na gane saranka."

"Me ya hana ka faɗa wa patoro?"

"A kore mu mu biyu? Wa zai aiko wa gwaggo zane?" Gwaggon nan mahaifiyata ce.

Na zauna a ƙasa kusa da shi. Ya ce ya yafe tun tuni, amma akwai tara: ranar kasuwa in tashi tsaye a rumfar mai shayi in faɗi filin da ya fi.

Na tashi na faɗa. Na ce jigawarsa ta fi fadamata, kuma ni na sa aka kore shi. Ya sa hannu a kunne ya ce bai ji da kyau ba, tsufa ne, in maimaita. Sau uku na faɗa kafin ya matsa mini wuri a kan benci.