Yatsu Biyun Kawu Kunne

Kawu Kunne, yayan mahaifiyata, yatsu uku gare shi a hannun dama. Bakanike ne. Garejinsa na saman gangare, titin da ke gabansa kuma yana sauka har mahaɗar da mutane ke tsayuwa jiran mota. Aikinsa ne ya ba shi sunan Kunne. Ba shi da na'urar gwada inji. Sai ya ɗora bakin doguwar sukundireba a jikin inji, ya manna ƙotarta a kunne, ya rufe ido, ya faɗa maka inda ciwon yake.

Abin da aka fi saninsa da shi shi ne ƙara wa inji ƙarfi ba tare da an fasa shi ba. Yakan faɗaɗa ramin da mai ke bi a kabireta, ya canja matatar iska, ya sa sababbin filogi, ya buɗe salansa, sannan ya yi ta murɗa tayimin, wato saitin lokacin da wuta ke isa filogi, kaɗan-kaɗan har injin ya daina tari ya koma gurnani. Motar da ta shigo tana nishi sai ta fita tana neman faɗa.

Shi ma mai neman faɗan ne. Ya taɓa marin wani direba don ya taka totur inji bai yi ɗumi ba. Mai kayan gyaran da ya sayar masa da filogin jabu kuwa, sa shi ya yi ya riƙe wayar filogin da hannu, sannan ya tayar da motar. Mutumin ya yi tsalle ya faɗa cikin kwanon baƙin mai. Kuma Kawu ba ya bayani. In ya ce a'a, ka tambayi dalili, sifana ce za ta biyo ka.

Yana da tsari ɗaya. Inji yake fara yi, don nan daɗin aikin yake, sai ya gama ya koma kan birki. Tsakanin biyun sai ya cire rota, ɗan abin nan da ke raba wa filogi wuta, ya jefa a aljihu. In babu ita mota ba ta tashi, don haka ba mai iya fita da ita kafin ya gama.

Ƙaninsa, Auta, direban haya ne. A tasha abokansa sun sa wa motarsa suna Tsohuwa, don a kan tudu kowa wuce ta yake yi yana ɗaga masa hannu. Abin ya ishe shi, ya kawo wa yayansa ita. A kwana na uku injin ya gyaru, Auta ya ji ƙarar da kunnensa.

"Yaya, ba ni rotar in zaga da ita sau ɗaya."

"A'a."

"Motata ce fa."

"Da tana tari ka tuna taka ce? Matsa min daga haske."

Auta ya kai hannu aljihun yayansa. Kawu ya murɗe hannun, ya haɗa fuskarsa da ƙofar mota. Auta ya rarumo ƙarfen jek ya kai masa duka, ya same shi a kafaɗa. Suka kama kokawa a ƙasa cikin mai da ƙusoshi, sai da mai walda na maƙwabta da mutum biyu suka ɓamɓare su. Leɓen Auta a fashe, yana tofar da jini yana cewa, "Wallahi sai na tuƙa ta." Kawu ya kaɗe rigarsa ya koma ƙarƙashin motar. A yammacin nan ya zubar da man birki, ya kwance wayar birkin hannu, ya tokare tayoyin da duwatsu. Bai gaya wa kowa ba.

Abin da ya manta shi ne, Auta a garejin nan ya girma. Ya san a bayan rumfa akwai matacciyar mota irin tasa, da rotarta a ciki. Shi kuma Auta ya ɗauka ɓoye rotar nan mugun hali ne kawai.

Washegari da tsakar rana Kawu yana cin abinci a rumfar wata mata, ƙasa kaɗan da garejin. Ya gaya mini loma tana hannunsa ya ji ƙarar. "Injina ne," in ji shi. "Ko cikin dubu na san muryarsa."

Ashe Auta ya ciro rotar matacciyar motar ya sa a tasa. Ya ture duwatsun, ya sa giya, ya taka totur yadda ya saba taka wa Tsohuwa. Motar ta yi tsalle, ta ɓalle ƙyauren garejin, ta faɗo titi babu bonet, don an cire shi saboda aiki. Ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa. Totur ɗin kuma ya maƙale, don Kawu bai mayar da ɗan sifirin da ke dawo da shi ba. A ƙasa, a mahaɗa, mutane sun fi ashirin, har da mai goyo.

"Kashe ta! Kashe ta, ɗan banza!" Kawu yana ihu. Salansar da shi da kansa ya buɗe ta cinye muryarsa. Auta ya ƙanƙame sitiyari da hannu biyu, ido waje, ya manta akwai makulli a duniya.

Kawu ya tari motar. Ta ɗebe shi a cinya, ya faɗa ruf da ciki a kan injin, ƙirjinsa a kan ƙarfe mai zafi. Ya cafki wayar kwayil, wadda duk wutar injin ke bi. Wutar ta fizge shi, ta wurga hannunsa na dama cikin fanbel, bel ɗin da ke juya fankar injin. Ya ce bai ji zafi ba, ƙara ya ji, kamar an karya ɗanyen rake. Ya sa hannun hagu ya tsinke wayar. Injin ya mutu, motar ta yi ta fizga tana cijewa a giya, Auta ya karkatar da ita ta daki katangar wani shago. Tsakaninta da mai goyon bai kai taku goma ba.

Karon ya wurga Kawu jikin katangar. Ya miƙe, jini na tsiyaya daga hannunsa har gwiwar wando. Ya zagaya ya jawo Auta ta taga, ya shiga dukansa da hagu, a kai, a wuya, a baya. Sitiyari ya riga ya zubar wa Auta haƙora biyu, bai rama ba. Can sai dukan ya tsaya. Mutane suka ga Kawu yana lallatsa haƙarƙarin ƙaninsa ɗaya bayan ɗaya, ya manna kunne a ƙirjinsa.

"Ba abin da ya karye," ya ce. Sannan ya zube.

Mai walda ne ya tsinto yatsun a ƙarƙashin lagireto, tankin ruwan injin, ya naɗe su a tsumma ya bi su asibiti da gudu. Likita ya duba ya girgiza kai.

Mahaifiyata ta ce da ta je dubiya ta samu Auta a bakin gadon yana kuka. Kawu ya ce masa, "Rufe min bakin nan, iska na shiga ta giɓin." Da aka jima, yana kallon rufin ɗaki, ya ce, "Kalma uku ce. Babu birki ciki. Da na faɗa maka."

Ranar da ya koma aiki ya ɗauki guduma ya bi matattun motocin bayan rumfa, ya farfasa rotar kowace. Sannan ya gama motar Auta da yatsu uku. Ta daina zama Tsohuwa, kodayake abokansa sun ce yanzu Auta ne ke tuƙi kamar tsoho.

Har yau Kawu yana jifa da sifana. Amma ya juya tsarinsa. Duk wanda ya kawo mota yana son ƙarfi, birki ake fara yi, injin ya jira ko da mako ne. Kwanan baya ina zaune a bencinsa wani mai gaggawa ya ce shi dai injin kawai yake so a taɓa. Na sunkuyar da kai ina jiran ƙarar sifana. Kawu ya goge hannun daman da tsumma, ya ɗaga shi dab da hancin mutumin.

"Ƙirga," ya ce. "In ka gama, zauna in gaya maka dalili."