Labulen Gwanjo a Ɗakin Yaya Luba

Shekarar da aka yi bikin yayata Luba ita ce shekarar da komai ya tsaya cik a gidanmu na Bodinga. Zamanin farar hula ne, lokacin da rediyo ya ishe mu da maganar tsuke bakin aljihu. Kamfanin da Baba ke tuƙa wa mota ya tattara ya tafi, sabulu da madara sai an bi layi, kwanukan jere kuwa ko tayawa ba a yi. Luba na son angonta, wani tela a garin Shagari, shi ma yana sonta. Damuwar ta ɗaki ce. Ranar da aka kai amarya matan dangin ango za su shigo ganin jere, cikinsu har da gwaggonsa Hajiya Tumba, wadda aka ce abin da ta faɗa a kan ɗakin amarya shi za a yi ta maimaitawa har amaryar ta yi haihuwar fari. Inna, mahaifiyarmu, ta rame a tsaye. Abin da ta tara bai wuce gado da samira saiti ɗaya da tsofaffin tasoshi ba.

Ana gama girbi Kaka Dije, mahaifiyar Inna, ta iso daga Danchadi kamar yadda ta saba duk shekara. Inna ce 'yar farinta, don haka akwai kunya tsakaninsu irin ta da. Kaka ba ta kiran sunanta, ba ta haɗa ido da ita, ba ta yi mata magana kai tsaye. In tana son ruwa, sai ta ce da bango, "Masu gidanga ba su ba baƙo ruwa?" Mu yara dariya abin ke ba mu.

Ranar kasuwa Kaka ta ja hannuna muka nufi wajen 'yan gwanjo. Ina da shekara tara, kuma ban taɓa ganin mai zaɓen tsumma da natsuwa irin tata ba. Ta wuce riguna da siket, ta tono wasu labulaye biyu masu kauri da rigunan matashi huɗu daga ƙasan tuli. Aikin ulu ne na hannu, daga wata ƙasa mai nisa: rassa masu lanƙwasa, furanni ja da shuɗi, da tsuntsayen da ba mu da irinsu a fadama. Sun koɗe, asu ya ci su wuri-wuri, ga warin gwanjo mai hawa kai. Ta haɗa da tsofaffin rigunan sanyi guda uku. Da Inna ta ga kayan, sai ta shige ɗaki ta yi kuka, ni kuma na ji haushin Kaka ƙwarai.

Daga ranar, hirarmu ta bayan tuwo ta koma wurin aiki. Kaka ta zauna gefen murhu, ta warware rigunan sanyin ta mayar da su zare. Zaren yakan fito a cukurkuɗe, sai ta naɗe shi a ƙafafun kujera, ta riƙa shi bisa tururin tukunya har ya miƙe. Ta koya wa Luba duba bayan ƙyalle kafin ta soka allura, don a can ake ganin yadda mai aikin farko ta bi da zarenta. Inda asu ya cinye fure gaba ɗaya, Luba ba ta san kamanninsa ba, sai ta sa abin da ta sani. Haka wani reshen Turawa ya fitar da zangarniyar gero, wani tsuntsu ya samu zabuwa a matsayin abokiyar zama. Inna tana can bakin madafa, ta ba mu baya, wai tana tsince wake.

"Ga ta nan tahe, ku ba ta hanya," in ji Kaka, yadda ta saba buɗe tatsuniya.

"Ta shigo, mun share mata wuri!" muka amsa.

A wani gari, in ji ta, an kai amare biyu rana ɗaya, 'yar attajiri da wata marainiya. Garin yana da wata tsohuwa makauniya wadda sai ta sa wa ɗaki albarka ake cewa aure ya zauna. Marainiya ba ta da ko ƙyallen rufe ƙofa, sai ta bi tsofaffin garin gida-gida, kowace ta ba ta guntun zanen da ta daina ɗaurawa, ta haɗa ta ɗinka labule da shimfiɗa. Makauniya ta fara shiga ɗakin 'yar attajiri, ta shafa nan ta shafa can, komai sabo fil, ta yi addu'a a tsaye ta fito. Da ta shiga na marainiya hannunta ya taɓa labule, sai ta tsaya. Ta ce wannan zanen da wance ta goyi 'ya'yanta bakwai ne, wannan na ƙawarta ne da suka yi tallar fura tare, wannan kuwa saƙar mahaifiyarta ce. Ta nemi tabarma ta zauna. Tsofaffi suka yi ta zuwa kowace na neman nata guntun, har ɗakin ya zama ba ya rabo da mutane.

Kaka ta ce, "Ta ƙare nan. Wanda bai yi barci ba shi ɗauke ta."

Ni dai bakina ba ya shiru. Na ce, "Kaka, ai namu ba mu san mai shi ba."

Ta ɗaga labulen kusa da wuta. "Ke, mai bakin tsiya, duba nan. Wadda tay yi wanga aiki mace ta, da ido da yatsa kamar naki. Kin ga inda zarenta yak ƙare ta canza launi? Ita ma ta san babu. Mi ya rage ba ki sani ba, sunanta?"

Washegari ta sake wannan tatsuniyar, dare na uku ma haka. Muka yi ta ƙorafi cewa tsufa ya sa ta manta sauran, ta yi kamar ba ta ji ba.

An wanke kayan da sabulun salo, an turara su da turaren wuta kwana uku. Da aka jera ɗakin a Shagari, labulaye a bango da ƙofa, matasai a kan gado, tasoshin nan an goge su da toka suna ƙyalli, wallahi ni ban taɓa ganin ɗakin da ya yi mini kyau kamarsa ba. Amma Inna, wadda damuwa ta sa ta karya al'ada ta biyo 'yan kai amarya, ta riga ta ja mana kunne: duk wanda ya tambaya, tsarabar Makka ce wata 'yar uwa ta kawo.

Hajiya Tumba ta shigo da mata a bayanta. Ta dubi samira saiti ɗaya, ta wuce. Ta isa ga labule, ta murza, ta juya bayansa, ta daɗe a kan zangarniyar geron.

"Uwar amarya, ina kunka samo wanga?"

Ina ganin zufa a wuyan Inna.

"Gwanjo na, Hajiya," in ji Inna. "Kasuwar Bodinga. Asu ya ci shi, yarinyar ta gyara da hannunta."

Wasu mata biyu suka ƙyalƙyale da dariya, ba zan ɓoye ba, kuma maganar ta zaga gari. Amma Hajiya Tumba ko kallonsu ba ta yi ba.

"Na sani tun daga ƙohwa," ta ce. "So nike in ji irin gidan da munka ɗauko mata." Ta juya ga Luba da ke lulluɓe a kan gado. "Amarya, in kin huta, ina da matashin da ɓera ya ɓata. Ki zo ki sa man zabuwa."

Na daɗe ina ɗaukar tatsuniyar a matsayin labarin talaka da ya ci galaba a kan mai kuɗi. Da na girma na jera nawa gidan da tsofaffin kayan da nake tsintowa a kasuwa, sai na ɗauka darasin ganin darajar aikin hannun wani ne. Duka akwai. Amma sai bayan rasuwar Kaka na taɓo wa Inna zancen, ina dariyar yadda tsohuwa ta ishe mu da labari ɗaya kwana uku.

Inna ba ta yi dariya ba. Ta ce ranar nan ƙaryar Makka na kan harshenta, ta ji ba za ta iya ba.

"Ku kun ɗauka mantuwa ta," ta ce, tana share ido da bakin mayafi. "Tunda tah haihe ni ba ta taɓa zaunar da ni ta yi man magana ba, sai cikin kwana ukun nan. Kuma duk na ji."