Bappa Sali ya tafi, akwatinsa yana Roumdé Adjia

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safen nan ina shanya a tsakar gida aka kira ni daga Garwa: Bappa Sali ya rasu bayan sallar asuba.

Tun lokacin ban zauna ba. Yanzu haka ina tashar mota a Maruwa ina jiran motar ta cika, a tsaye nake wannan rubutun. In ya zo muku a hargitse ku yi mini uzuri.

Yaran unguwarmu Roumdé Adjia na yanzu sun san shi da tsohon nan mai tabarau da ke zama ƙofar gida da rediyo a cinya. Mu da muka tashi zamanin shugaban ƙasa na farko, lokacin da jam'iyya ɗaya ce tak kuma ko a rumfar mai shayi sai an waiga kafin a yi magana, Kamarad muke ce masa, shi ma a hankali. Ɗan gurguzu ne, kuma marubuci.

Ba jininmu ba ne, maƙwabci ne. Babana mahauci, shi kuma akawu a tashar jirgin ruwa ta Binuwai. Da na gama makaranta ina zaune ba aiki, shi ya je ya samu Babana a rumfar nama ya ce, "Malam Buba, ka ba ni aron Asta in koya mata tafireta. Hannunta zai ciyar da ita." Kuma ya ciyar da ni, har na yi ritaya.

In na yi kuskure ba ya faɗa. Sai ya zare takardar ya ce, "Sake, 'yata. Takarda ba ta fushi."

Abin da yake rubutawa rayuwar mutane ne. 'Yan dako na bakin kogi, mahauta, masu kiwon shanun da ba nasu ba, masunta har can wajen Tibati. Yakan zauna da mutum ya saurare shi, ya rubuta da ajami ko da Fulatanci, daga baya ya juya shi Faransanci ni kuma in buga. Haka muka haɗa littafi guda mai kauri.

Wata rana ya miƙo mini shi naɗe a tsohon zane ya ce in ajiye a gidanmu. Bayan mako ɗaya jandarmomi suka ɗauke shi daga wurin aiki, da rana tsaka, kowa yana kallo. Kashegari suka fara shiga gidajen unguwa.

Zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a fili ba.

Na ƙona littafin. A murhun Innata, ƙarƙashin tukunyar tuwo, shafi bayan shafi. Inna tana tuƙi tana kallona. Kuma har aka gama binciken ba wanda ya taka ƙofarmu.

Ya yi shekaru a tsare. Ya dawo ba haƙoran gaba, ba aiki, abokai suna sauya hanya in sun hango shi. Wasu suka ce ai mai irin aƙidarsa ba shi da salla, alhali a sahun farko ake samunsa. Ni ma na guje shi, amma ni kunya ce. Na yi aure na koma Maruwa. Duk da haka ranar sunan ɗana na fari sai ga shi da ƙullin dabino, ya sha hanya tun daga Garwa. Bai tambaye ni littafin ba. Bai taɓa tambaya ba.

Ganinmu na ƙarshe gab da azumin da ya wuce ne. Ya sa 'yarsa Fadimatu ta jawo wani akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado. Wasiƙu, takardun da suke rabawa a ɓoye, littattafan rubutu da suka yi ja, da guntayen takardar buhun siminti cike da ƙananan haruffa. Ya ce a tsare ya rubuta waɗannan, da guntun fensir.

Na ɗauki ɗaya na karanta. Labarin wani ɗan dako ne da na taɓa bugawa da hannuna.

Sai kuka ya ƙwace mini. Na ce, "Bappa, ni na ƙona shi."

Ya ce, "Na sani, Asta. Innarki ta gaya mini tun makon da na dawo. Sunayen mutane ne a ciki. Da sun same shi, da ba ni kaɗai zan tafi ba." Ya yi 'yar dariya. "Kuma na biyun ya fi na farkon kyau."

Daga nan ya ce in tafi da akwatin. Wasu malaman jami'a sun taɓa zuwa suna so, shi ma yana so ya kai gare su, amma sai wanda ya san mutanen ya fara bi ya tsara, don akwai ajamin da ba kowa zai iya karanta hannunsa ba. Na ce, "Bappa, yau a kan moto na zo, babur ba zai ɗauki akwati ba. Bayan Salla zan dawo da mota."

Ya ce, "To, Allah ya kai mu."

Salla ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ban koma ba.

Fadimatu ta ce mini gida ya cika, kuma tuni wasu dangi suna cewa a ƙona takardun bayan sadakar uku, wai ba abin da suka jawo wa gidan sai wahala. Ban ga laifinsu ba, su suka sha yunwar shekarun nan. Ni ce ta ƙarshe da za ta zargi wani. Amma kakannin wasunku suna cikin akwatin nan, da maganarsu, yadda suka faɗe ta da bakinsu.

Don Allah duk wanda ke kusa da gidan, ya roƙi dangi su dakata. Kada a buɗe akwatin, kada a raba, kada a ba kowa. Ina hanya, in Allah ya yarda kafin la'asar ina Garwa. Jana'iza kam ba zan same ta ba.

Ya Allah, ga bawanka Sali ya zo maka. Ya sha ɗauri saboda talakawa, ya yafe wa wadda ba ta ma nemi yafiya ba sai da ta tsufa. Ka yafe masa, ka yalwata masa kabarinsa, ka ba Fadimatu da 'yan'uwanta haƙuri.

Ko ba ku san shi ba, ku sa shi a addu'a yau. Ni ma ku roƙa mini in isa a kan lokaci.