Agogon da Ya Tona Asirin Janareto

Shekara talatin tela yana musun cewa yana minshari, alhali maƙwabta ma Janareto suke ce masa. Da rana sai gyangyaɗi a kan keken ɗinki, har ya taɓa ɗinke ƙafar wando ruf.

'Yarsa ta sayo masa agogon hannu mai lura da barci. Bayan mako guda ta duba waya ta ce, "Baba, kamar numfashinka yana ɗaukewa cikin barci."

"Mamanki ce ta haɗa baki da agogon!"

Amma ya je asibiti. Likita ya gwada, ya tabbatar, ya ba shi na'urar taimakon numfashi.

Yanzu garau yake tashi, yana ɗinki yana waƙa. Matarsa ce ke ƙorafi, wai shiru ya hana ta barci.