Ranar Da Ƙafata Ta Daina Jin Keken Ɗinki

Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan ban ce uffan a shafin nan ba. Waɗanda na mayar wa yadinsu ana gobe-gobe Sallah ba tare da bayani ba, ku yafe mini. Yau zan yi bayanin.

Shekara huɗu da suka wuce idona na hagu ya dushe. Bayan sati uku ya washe da kansa, na ce zare da allura ne suka gajiyar da shi. Da shekara ta zagayo hannuna ya riƙa mutuwa. Inna, mahaifiyata, ta kai ni aka yi mini ruƙiyya, na sha rubutu. Da ya lafa kowa ya ce aljani ne, ya fita.

Ran goma ga azumin bana, ana tsananin zafi, ina ɗinki a shagona na bakin kasuwar Kibiya. Ina ganin keke yana juyawa, amma ban jin ƙafata a kan feda. Na miƙe, sai ga ni a ƙasa cikin ƙyallaye.

A asibitin Rano aka auna jini, aka auna suga, aka duba maleriya da taifot. Babu ko ɗaya. Suka rubuta mana takarda zuwa Kano.

A can aka tura ni cikin wata na'ura mai ƙara don ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa, aka ce kada in motsa. Kabari kawai nake tunawa. Aka kuma ɗebi ruwa a gadon bayana da doguwar allura. Sai da muka sayar da kekena na surfani da awakin matata Hadiza kafin a gama gwaje-gwajen nan.

Likitar jijiyoyi ta zaunar da mu ta ce, "Malam Nafi'u, sunan ciwon nan MS. Garkuwar jikinka ce take cinye rigar jijiyoyinka, kamar wayar wuta da ɓera ya gaigaye robarta. Yana lafawa, yana dawowa. Wannan tashinsa na uku ke nan."

Na ce, "Likita, zan sake taka keke?"

Ta ce, "Ban sani ba, kuma ba zan yi maka ƙarya ba."

Kwana biyar ana ɗaura mini ruwa mai magani. Ta ce in ajiye azumi, don zafi da ƙishirwa suna tsananta shi. Ina shan ruwa da rana a gaban Inna, ita tana azumi da tsufanta.

Amma ba wannan ne ya fi ci mini rai ba.

Bayan an sallame ni, na dogara sanda na je sallar La'asar a masallacin unguwa. Ina ruku'u fitsari ya ƙwace mini. Ban ma ji fitowarsa ba, sai ɗumi. Na sulale na fita, ban ɗaga kai ba har gida. Hadiza ta karɓi wandon ta wanke, ba ta tambaye ni komai ba. Na shiga ɗaki na yi kuka irin wanda rabona da shi tun rasuwar Baba.

Wata biyu ban koma ba. Sai magana ta fara dawo mini: wai ga ni garau ina zama a ƙofar gida, amma jam'i ya gagare ni.

Rannan Malam Liman ya yi sallama da hantsi, ya zauna a tabarmata. Da ƙyar na faɗa masa. Sai ya ce, "Nafi'u, ai addini ya yi wa mai wannan larura sauƙi. Ka tsare jikinka da ƙyalle, ka yi alwala, ka zo. Zan ajiye maka kujera a ƙarshen sahu, kusa da ƙofa. Wata biyu kana ɗauke da wannan kai kaɗai?"

Yanzu da sauƙi, alhamdu lillahi. Ina zuwa asibiti gashin ƙashi, ina tafiya da sanda. Ƙafar ba ta dawo duka ba. Ni nake yanka, abokin aikina Habu yake ɗinkawa.

Na gode wa Allah. Na gode wa Inna, da Malam Liman, da Habu, da ma'aikatan jinya da suka yi haƙuri da ni. Hadiza kuwa, ban san da bakin da zan gode mata ba.

Idan idonka ya dushe, ko wata gaɓa ta mutu ta farfaɗo, kada ka ce ya wuce. Yi addu'a, ka kuma nemi likitan jijiyoyi, ka faɗa masa duk abin da ya taɓa samunka, har wanda kake jin kunyarsa.

Masu jinyarmu, kada ku ce mana "ai ka warke" don kun gan mu a tsaye. Gajiyar nan ba lalaci ba ce. Ku tambaye mu abin da muke buƙata kafin ku yanke mana. Wata rana riƙo muke so, wata rana a bar mu mu gwada da kanmu.

Ban san ranar da ciwon zai sake tashi ba. Jakar da muka je asibiti da ita tana nan a bayan ƙofa, Hadiza ba ta kwashe kayan ciki ba. Ni ma ban ce ta kwashe ba.

Ku sa mu a addu'a.